Ta'aziyyar Manjo, Takobin Malam Yusha'u na Kurmin Mashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma, don kada a yi wa Allah ƙarya, akwai ɗan ƙullin haushi a gefenta, iyalan Malam Yusha'u Masinja na Kurmin Mashi suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa angwancewa a layinmu, rasuwar takobinsu abin alfaharinsu, wanda aka fi sani da Manjo. Ya cika ranar Litinin da hantsi a rumfar wani mai walda a Panteka, bayan jinyar wata biyar. Ainihin shekarunsa Allah kaɗai Ya sani, domin da tsufansa ya zo ƙasar nan. Amma ashirin da takwas daga cikinsu a bangon ɗakin Malam Yusha'u ya yi su, rataye a ƙusa ɗaya.

Mai rashin ne ya kamata ya rubuta wannan takarda da hannunsa. To sau uku yana ɗaukar biro, kuma ko wane karo kafin ya kai layi na huɗu maganar ta karkace ta koma kan maƙwabcinsa Alhaji Rabe, har muka gane in aka bar shi, sammaci za a kawo mana a maimakon gaisuwa. Shi ya sa yayarsa ta karɓe biron.

Ga wanda bai san asalin marigayi ba, ga shi. A shekarar sittin da uku, Yusha'u yana masinja a wani ofishin gwamnati a Doka, nan cikin Kaduna, Rabe kuma yana gyaran injuna a bayan ofishin. Abokai ne na ci tare a sha tare, ɗaya Bazazzage ɗaya Bakano, kullum suna tsokanar juna kamar yadda aka gada. Da Baturen da ke shugabantarsu ya tashi komawa gida, sai ya kira su, ya aza abu biyu a kan tebur: takobin ubansa, da wani baƙin akwatin ƙarfe cike da kayan aiki. Ya ce babba ya fara zaɓa. Yusha'u ne babba da wata bakwai, kuma ko kallon akwatin bai yi ba.

Rabe ya rungumi akwatinsa ya ce, "Zagezagi ke nan. An ba ku zaɓi tsakanin abinci da ado, kun ɗauki ado."

Yusha'u ya ce, "Kanawa ke nan. Ko Aljanna aka sa ku, sai kun tambaya ina kasuwa."

A ranar dariya aka yi.

Marigayi dogo ne, mai ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, abin da ya sa Rabe bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Lauje. Ƙotarsa katako ce da aka naɗe da baƙar fata da siririyar waya, ga garkuwar hannu ta tagulla. Ruwan takobin yana da wutsiya da ta ratsa ta cikin ƙotar ta leƙo ta sama, a ƙarshenta akwai haƙora irin na ƙusar da ake ɗaura wa noti. Wata 'yar hular tagulla ce ke hawa haƙoran nan. In ta zauna daram, takobi ya zama abu ɗaya. In ta saki, ƙota daban, garkuwa daban, ruwa daban. Ashe duk girman nan na Manjo a kan haƙora bakwai yake tsaye, waɗanda ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Haka Allah ke ikonSa.

Ba mai yawan magana ba ne. In an zare shi daga kube sai ya ce shiiif, a hankali, kamar dattijon da ke gyaran murya. In ana murɗa hularsa sai ka ji kiri, kiri, kiri, har bakwai, sa'an nan ƙwas. Iyakar zancensa ke nan, kuma bai taɓa sa baki a abin da ba ruwansa ba.

Halayensa kuwa, sai dai a yi ta faɗa. Soja ne, amma a iya saninmu jinin da ya zubar a ƙasar Hausa bai wuce na babban yatsan Malam Yusha'u ba, shi ma sau ɗaya, kuma Yusha'u ya ce laifinsa ne. Bai taɓa fere rake ba. Kande, matar gidan, ta yi shekaru tana roƙon a ara mata shi ta fasa kabewa, bai ƙasƙantar da kansa ba. Abincinsa toka da lemun tsami ranar Alhamis, abin shansa ɗigo uku na man keken ɗinki. Aikinsa guda ne, rakiyar ango. A layinmu, tun daga ranar kamu har a watse daga ɗaurin aure, ango ba ya fita sai da Manjo a kafaɗa. Ya ga angon da ya yi kuka a bayan mota, ya ga wanda ya manta sunan surukinsa, bai tona asirin kowa ba.

A cikin ƙotar akwai ɗan fili, kamar na ɓoye allura. Nan Malam Yusha'u ke ajiye wata doguwar takarda da yake naɗewa kamar laya. Duk angon da zai ɗauki Manjo, sai an kwance hula, an zaro takardar, an rubuta sunansa da na ubansa, an mayar an ɗaure. Ba wani malami ya ba shi wannan ba, shi ya ga ya dace. Suna ɗari da goma sha ɗaya ke ciki, da ƙananan haruffa irin na mutumin da ya yi shekaru yana leƙen rubutun akawu. Na farkonsu kuwa Rabe ne da kansa, domin a bikinsa aka fara.

To ku duba fa. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaye a ƙofar ofisoshin mutane da fayil a hammata, yana jiran a ce shigo. Bai yi mota ba, bai yi bene ba. Amma albarkacin Manjo, sai ga masu mota da masu bene suna tsaye a ƙofar zaurensa suna sallama, shi kuma yana ciki yana gyara hula, ba ya amsawa sai a ta uku. Rabe ya yi shago, ya yi yara, ya yi suna a gyaran injin niƙa da famfon ruwa har ana zuwa nemansa daga Zariya, duk Yusha'u bai ji komai ba. Cewa yake, "Ya ci abincinsa, ni ina da adona." Kowa da rabonsa, an zauna lafiya.

Sai shekarar tamanin da tara, Rabe ya sauke farali.

Alhazai na dawowa da dabino da zamzam da carbi da darduma. Shi wannan bawan Allah sai ga shi da takobi. Na kanti ne, ruwan zinariya tun daga kai har ƙafa, da 'yan duwatsu kore da ja, da kube na jan karammiski. Ba shi da kaifin da zai yanka gurasa, ba shi da nauyin da zai danne takarda in ana iska. Yusha'u ya je yi masa barka da sauka, ya ga abin a jingine a bango, dabinon da ke bakinsa ya koma masa kamar gawayi.

Ya ce, "Kai Bakano, duk faɗin Makka ka rasa abin sayowa sai gwangwani?"

Alhaji Rabe ya ce, "Yo na ga Laujenka ya tsufa, na kawo masa mai taya shi aiki."

Ko da wata manufa ya faɗa, ko bakinsa ne kawai irin na kullum, Allah Ya san zuciya. Amma daga ranar Yusha'u bai ƙara kiransa Alhaji ba sai in akwai baƙi.

Abin ya zo daidai da yayin hoto mai kala da ɗaukar bidiyo. Samari suka ce na Alhaji ya fi fitowa, wai Manjo a hoto baƙi yake yi kamar bakin garma. Ɗaya ya karkata, biyu suka bi. Tsakanin gidan Yusha'u da na Alhaji Rabe gida shida ne, kuma duk mai zuwa can ta ƙofar Yusha'u zai wuce. Sai ya fitar da benci. Ya koma goge Manjo a waje, inda rana za ta haska tagulla, ba ranar Alhamis kaɗai ba, har Asabar da Talata. Mutane su gaishe shi da ladabi, su ce, "Baba, sannu da aiki," su wuce. Yana bin bayansu da ido yana ƙirga gidaje a zuci, yana fatan su tsaya a na uku ko na huɗu. Ba sa tsayawa sai a na shida.

Ciwon ajali ya fara ne ranar bikin Ja'afaru, ɗan Hassan Tela. Shi Hassan shi ne na goma sha tara a takarda, kuma Yusha'u ne ya yi wa Ja'afarun huɗuba da aka haife shi. Don haka bai jira an zo an roƙa ba. Tun saura kwana uku ya kwance hula, ya rubuta sunan yaron, ya hura tawada ta bushe, ya zauna a zaure da takobi a cinya, hular tagulla a aljihu, yana jiran sallama. Kamu ya wuce, ya ce wataƙila hidima ta sha musu kai. Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga ƙahon babura da guɗa. Ya leƙa. Ga Ja'afaru a tsakiya, jan karammiski na rawa a kafaɗarsa, Hassan Tela kuma ya kau da kai yana duban wata bishiyar darbejiya kamar ranar ya fara ganinta.

Abin da ya faru a zauren, Malam Yusha'u ya ce suɓucewa takobin ya yi, wutsiyar ta daki siminti. Iyali sun karɓi wannan bayani. Kande dai da ke tsakar gida ta ce ƙara biyu ta ji, kuma ita a saninta abin da ya suɓuce sau ɗaya yake faɗuwa. Ba mu tsananta bincike ba.

Haƙora uku suka lotse. Daga ranar hula ba ta ƙara kaiwa bakwai ba. Kiri, kiri, sai ƙiiiƙ, ta cije. Ƙota ta saki, garkuwa ta kama lilo, in an ɗaga Manjo sai ya ce kacau, kacau, kamar akwalar keke. An ba shi man keke, an ba shi man ja, an naɗa masa zaren ɗinki, an yi masa tofi. Shiru.

Magana ba ta kwana a layinmu. Kwana biyu sai ga Alhaji Rabe da kansa, da ɗan siririn magagari mai kusurwa uku a aljihun gaba, da wani zoben ƙarfe mai haƙora a ciki, wanda ya tono daga ƙasan baƙin akwatin nan na Bature. Ya tsuguna a bakin zaure ya ce, "Fito da shi, Bazazzage. Aikin minti goma ne. Haƙori ba a yi masa dole, lallaɓa shi ake. A fara daga inda yake da lafiya, a bi kwarin a hankali har inda ya lotse, a tashe shi, sa'an nan a bi da zoben nan da ɗan mai. Kafin shayinka ya huce an gama."

Yusha'u ya dubi magagarin, ya dubi mai magagarin. Abin da ya gani a ransa shi ne majalisar bakin masallaci, Rabe ya miƙe ƙafa yana cewa, ai Laujen nan ni na tashe shi. Ya ga duk angon da zai ƙara rataya Manjo ana raɗa masa cewa da hannun Alhaji yake tsaye. Mutum ya ƙwace maka angwaye, sa'an nan ya zo ya ƙwace maka har godiya?

Ya ce, "Manjo lafiyarsa ƙalau. Barci yake."

Alhaji Rabe ya mayar da magagarinsa aljihu ya ce, "To in ya farka ka ce ina gaishe shi."

Daga nan aka shiga yawon neman magani. Malam Yusha'u ya naɗe mara lafiya a tsohuwar darduma, ya hau bas zuwa Kawo wurin mai gyaran keken ɗinki. Mutumin ya sa tabarau ya duba ya ce wannan haƙorin Ingila ne na da, kayan aikinsa duk na Japan ne, amma akwai wani dattijo a Kurmin Mashi. Yusha'u ya naɗe dardumarsa. Ya je wurin masu gyaran mota, suka ce nasu na Faransa ne, amma ya san Alhaji Rabe? Har ƙetare kogi ya yi, ya sha rana ya sha turmutsutsu, wani mai injin ƙira ya juya wutsiyar a hannu ya ce, "Baba, daga ina kake?" Da ya ji Kurmin Mashi sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ka baro rijiya a ƙofar gida ka zo neman raɓa." Mutumin da ya zaga Kaduna kaf don kada ya taka gida shida, ya dawo ya tarar duk hanyoyin garin can suka nufa.

Ana cikin haka aka sa ranar Nura, autansa, da wata yarinya 'yar Malali. A ƙasan takardar nan saura layi ɗaya tak, kuma shekara da shekaru Yusha'u na tsallake shi, yana matse sunayen mutane a gefe, don na autansa ne. Da biki ya rage mako guda, ya rubuta sunan Nura, ya naɗe takardar ya tura ciki, ya aza hula, ya kamo ta da filaya, ya ce bismillah, ya murɗa da ƙarfin shekara sittin. Ta wuce inda take cijewa. Ta hau a karkace, ta tsaya kamar hular ɗan tasha, ba ta gaba ba ta baya. Ƙota na nan tana kacau, takarda kuma ta kulle a ciki.

Ranar Litinin ya kai shi Panteka. Mai waldar, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don ba shi da laifi, ya ce sai an ba hular wuta ta buɗe kafin ta saki. Ya kunna, ya tsaya, ya yi tambayar da ta kamata: "Baba, babu komai a cikin ƙotar nan ko?" Malam Yusha'u ya buɗe baki zai ce akwai. Sai bawan Allah ya ƙara da cewa, "Ai da ma ka kai wa Alhaji Rabe tun farko, shi ya koya wa maigidana aiki."

Yusha'u ya ce, "Sa wuta."

Ƙaurin fata ya fara tashi, sa'an nan wani siririn farin hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin garkuwa, mai ƙamshin takarda. Yusha'u ya san ƙamshin, ya miƙa hannu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mai walda ya kama hular da awartaki ya juya. Maganar marigayi ta ƙarshe ita ce ɓas. Wutsiya ta karye daga wuya. Da aka tsoma shi a ruwa ya ja dogon numfashi, tsuuu, shi ke nan.

Alhaji Rabe ya zo ganin gawa da la'asar, ba a aika masa ba. Ya daɗe yana juya guntayen, ya ce ko an liƙa ba zai riƙe ba, ƙarfen ya sha wuta, wata rana a ƙafar ango zai faɗo. Sa'an nan ya karkata ƙotar ya zazzage toka a tafin hannunsa, ya tsura mata ido.

Ya ce, "Yusha'u, har da nawa?"

Yusha'u ya ce, "Naka ne a bakin naɗi. Shi ya fara ci."

Suna nan a gaban guntayen aka kira magariba.

Marigayi ya rasu ya bar kube ɗaya, baƙar fata, wadda suka yi zaman aure na shekarun da ba a san adadinsu ba. Ya bar ɗamara, da tsumman goge guda biyu, da rabin kwalbar man keke. Ya bar ƙusa a bango, wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Ya bar hular tagulla, marainiya, da guntun wutsiya a cikinta. Ya bar angwaye ɗari da goma sha ɗaya, wasu sun yi jikoki, wasu sun riga shi, wasu kuma sun wuce ta ƙofar gidansa sun je gida na shida, Allah Ya yafe musu, mai rashin dai ya ce shi da sauran lokaci. Ana sanar da masu tambaya cewa kube tana takaba. Wani ya riga ya aiko yana cewa karammiskinsa ya fara zubar da gashi, ko za a ba shi ita. An amsa masa cewa ko ta fita, ba za ta auri Bakano ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne. Ranar Laraba da hantsi za a shafe shi da mai, a naɗe shi a farin ƙyalle, a kwantar da shi a ƙasan akwatin Malam Yusha'u, ƙarƙashin kakinsa na masinja. Za a zauna karɓar gaisuwa a zaure har azahar. Masu zuwa su taƙaita a kan "Allah Ya ba da haƙuri." Duk wanda ya fara da "ai da ka kai wa," za a nuna masa ƙofa.

Ana kuma roƙon dattawa uku ko huɗu su dakata bayan azahar, akwai sauran aiki mai nauyi fiye da binnewa. Kamun Nura ranar Alhamis ne, kuma ba a taɓa ango a layin nan da kafaɗa wayam ba. Yaron ya je gida na shida aro da kansa, an ce masa takobi ba a ba yaro, ubansa ya zo ya yi sallama. Malam Yusha'u ya kwana biyu bai ci tuwo ba, jiya ya aika aka sayo goro, ya ce a wanke masa farar rigarsa. Masu rakiya su tafi a hankali, kada a yi masa magana a hanya, in ya tsaya a gida na uku yana gyara takalmi a jira shi. An roƙi Alhaji Rabe ya amsa tun a sallamar farko. Bai yi alkawari ba.

Ɗaurin aure Juma'a ne a Malali, bayan an sauko. Mai rashin zai halarta, a sahun gaba. Iyali na roƙon alfarma ɗaya daga jama'a: duk wanda ya ga takobin Alhaji ya yi kyau a kafaɗar ango, ya haɗiye. In ta ƙi haɗiyuwa, ya zaga bayan masallaci ya faɗa a can.

Allah Ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, Ya ba Malam Yusha'u haƙurin abin da maƙwabcinsa bai rasa ba.

Sanarwa daga Hansai, yayar mai rashi, a madadin iyali.